Babi na Shida: Ƙullin da Ke Cikin Danƙo

Gangar jikin biron Bic, wannan mai haske da ake hango tawada ta cikinta, da farin bangon cikin firiji, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu folistirin ne. Amma in mutum ya taka biro da takalmi, nan take zai ji ƙas, ya tarwatse ya bar tsinke-tsinke masu kaifi. Bangon firiji kuwa shekara da shekaru ana gwara masa tukwane da kwalabe cikin sanyi, ba kasafai yake tsagewa ba. Bambancin bai wuce ɗan danƙon da aka zuba wa na biyun ba, wanda yawanci bai kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba. A wannan babi danƙo nake ce wa roba mai talewa irin ta taya, filastik kuma mai tauri irin ta bokiti, don kada su cakuɗe mana.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba abin mamaki ba ne, an haɗa mai tauri da mai laushi an sami matsakaici. Ba haka abin yake ba. In aka narka folistirin aka kwaɓa shi da ɗanyen danƙo yadda aka ga dama, abin da zai fito ya fi na asali rauni, juriyar da ya samu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Sai danƙon ya zama 'yan ƙwayoyi masu wani girma, sai ya manne da filastik ɗin da ke kewaye da shi, sannan sai an ƙulle zaruruwansa daidai gwargwado. Wannan sharaɗi na uku ya fi sauran wuyar gani, kuma shi ya fi jan hankalina, domin shi ne yake ci gaba da canzawa bayan kaya sun bar masana'anta sun shiga hannun mutane.

Ƙarfi daban, juriya daban

Injiniya ba ya yarda a haɗa masa waɗannan biyun. Ƙarfi shi ne yawan jan da abu zai ɗauka kafin ya sallama. Ana kama siririyar sandar filastik a na'ura, a yi ta janta a hankali har ta miƙe ko ta tsinke. Juriya kuwa ita ce yawan bugun da abu zai shanye kafin ya karye. Ita da guduma mai lilo ake auna ta. Ana yi wa sandar ɗan tsagi, a saki gudumar daga sama ta doke ta, sannan a duba iya inda gudumar ta kai bayan ta wuce. In ta wuce da gudunta ba ta rage komai ba, abin gautsi gare shi. Wani injiniyan Ingila, Edwin Izod, ya bayyana wannan gwaji a 1903, har yau kuma da sunansa ake kiransa.

Zallan folistirin ba rago ba ne. Yana ɗaukar ja na megafaskal 40 zuwa 50, sai dai da zarar ya miƙe da kashi 2 ko 3 cikin 100 na tsawonsa, ya tsinke. Wanda aka sa wa danƙo, wanda a kasuwar duniya ake kira HIPS, ƙarfinsa yakan faɗi zuwa kusan rabi, amma yana iya miƙewa da kashi 30 ko 50 kafin ya rabu, a gaban guduma kuma yana shanye bugu ninki huɗu ko biyar. Ciniki ne, an ba da ƙarfi an karɓi juriya. Yawancin kayan gida ba nauyi ke kashe su ba, faɗuwa ce da gwaruwa, don haka cinikin ya yi riba.

Abin da Goodyear ya gano

Danƙo da filastik duka dogayen zaruruwa ne na sinadari, kowane zare ya ƙunshi dubban 'yan gaɓoɓi iri ɗaya a jere. Hermann Staudinger na Jamus ya faɗi haka a 1920 aka yi masa ca, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan maganar. Abin da ya raba su shi ne motsi. A zafin ɗaki zaruruwan folistirin a sandare suke, ba sa fara motsi sai zafi ya kai wajen maki 100 a ma'aunin Salshiyas. Na folibutadayin, danƙon da ake sa wa HIPS, kullum cikin motsi suke, ba sa sandarewa sai sanyi ya kai wajen maki 90 zuwa 100 ƙasa da sifiri. Shi ya sa sanyin firiji bai dame shi ba.

A ɗanyen danƙo zaruruwan a tule suke, babu abin da ya riƙe wani da wani sai sarƙewa. Masunci ya san bambancin tulin zare da koma. Tulin zare in ka ja shi, sulalewa zai yi ɗaya bayan ɗaya har ya rabu. Koma kuwa zaren ne dai, amma an ƙulle shi nan da can, in ka ja ta buɗe, in ka saki ta dawo. In ƙullin kaɗan ne idanunta manya ne, tana talewa sosai. In ƙullin ya yi yawa idanun su ƙanƙance, ta ƙage.

Charles Goodyear ne ya gano hanyar yin ƙullin a 1839, a jihar Masacusets ta Amurka, lokacin da ya dafa danƙo da farar wuta. Kafin nan takalman danƙo narkewa suke yi su yi ɗoyi da zafi, su ƙage da sanyi, har masu zuba jari suka yanke ƙauna daga sana'ar. Ya sami takardar mallakar dabarar a 1844, amma Thomas Hancock ya riga shi yin rajista a Ingila. Goodyear ya rasu a 1860 da bashi a wuyansa, kamfanin taya mai sunansa ma sai a 1898 wasu suka kafa shi. Bai san me farar wutar ke yi a ciki ba. Yau mun san ita ce take kama wannan zare da wancan ta zama ƙullin. Kashi 1 zuwa 3 cikin 100 yana ba da danƙon taya. In aka kai kashi 30 ko fiye, sai a sami ebonait, baƙin abu mai tauri da gautsi wanda a da ake yin akwatin batirin mota da shi. Danƙo guda, yawan ƙulli ne kaɗai ya kai shi daga abu mai danƙo a hannu zuwa abu mai fashewa. Mai faci a bakin titi da ke danna faci da ƙarfe mai zafi, wannan dahuwar yake yi.

Yadda danƙo ya shiga folistirin

Wanda ya fara yin rajistar sa wa folistirin danƙo shi ne Ivan Ostromislensky, masanin sinadarai ɗan Rasha da ya koma Amurka, a 1927. Sitirin, wato ruwan da ake yin folistirin da shi, yana narkar da ɗanyen danƙo. Sai ya narkar da shi a ciki, ya dafa, ya bar ruwan ya daskare ya zama filastik. Abin da ya fito bai yi kasuwa ba. Danƙon ya zauna a matsayin saƙa guda da ta game dunƙulen baki ɗaya, zafi kuma ya ƙulle ta, folistirin ɗin ya zama a tsare cikinta. Irin wannan abu ba ya narkewa ya kwarara, ba a kuwa iya zuba shi a fitar da siffar kaya.

Maganin ya fito daga kamfanin Dow a Amurka, inda J. L. Amos da abokan aikinsa biyu suka sami takardar mallaka a 1954. Abin da suka ƙara shi ne juyawa. Da farkon dahuwa, folistirin da ke samuwa ɗigo-ɗigo ne a cikin ruwan danƙo. Yana ƙaruwa yana ƙaruwa har ya yi rinjaye. A daidai wannan gaɓa, in ana juyawa, sai al'amarin ya kife, danƙon ya koma ɗigo-ɗigo a cikin folistirin. Kowane ɗigo yana tafiya da 'yan guntayen folistirin da ya haɗiye, shi ya sa danƙo kashi 7 ko 8 yake iya mamaye kashi 20 zuwa 30 na jikin filastik ɗin. A lokaci guda wasu zaruruwan folistirin suna tsirowa daga jikin zaruruwan danƙon, rabi nan rabi can, su ne ke ɗinke ƙwayar da abin da ke kewaye da ita. Girman ƙwayar yakan kama daga maikuron 1 zuwa 5. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kan mutum yakan kai 70.

Ƙullin a ƙarshe yake zuwa, kuma ba da farar wuta ba. Don a tsotse ragowar sitirin da bai daskare ba, ana ɗaga zafi ya haura maki 200. Wannan zafi ne yake sa zaruruwan danƙon su kama juna. Mai kula da masana'anta yana tsakanin buƙata biyu ke nan. Ƙarin zafi ya fi tsabtace filastik daga ragowar sitirin, abin da ake nema musamman ga mazubin abinci, amma yana ƙara ƙulli. Rage zafi yana barin danƙon da laushinsa, ya bar sitirin a ciki. Don a san inda aka tsaya, ana jiƙa samfuri a wani ruwa mai suna toluwin. Folistirin ya narke, ƙullallen danƙon kuwa ba ya narkewa, kumbura yake yi. A tace shi a auna nauyinsa a jiƙe, a busar a sake aunawa. In ya sha ruwa da yawa, ƙullinsa kaɗan ne. In ya ƙi sha, ƙulli ya yi yawa. Yawanci ana son ya ninka nauyinsa kamar sau 10 ko sama da haka kaɗan.

Wa ke shanye bugun

An daɗe ana sayar da HIPS kafin a san dalilin juriyarsa. Bayanin farko, na 1956, ya ce ƙwayoyin danƙon ne ke riƙe bakin tsaga biyu suna talewa, suna shanye bugun. Da aka zauna aka yi lissafi sai aka ga danƙon ya yi kaɗan, abin da zai iya shanyewa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da guduma ke nunawa. Ashe filastik ɗin ne da kansa yake shanye bugun, aikin danƙon shi ne ya sa shi.

Clive Bucknall da R. R. Smith ne suka nuna yadda hakan ke faruwa, a Ingila a 1965. A wajejen wannan lokaci wani masani ɗan Japan, Koichi Kato, ya gano cewa sinadarin osmiyom yana rina danƙon ya bar filastik, sai aka fara ganin ƙwayoyin ƙuru-ƙuru a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Ga abin da aka gani. Kafin folistirin ya tsage, yakan fara buɗe wata siririyar tsaga da ba ta rabu ba, domin dubban 'yan zaruruwa sun miƙe daga wannan baki zuwa wancan suna riƙe da ita. Kusan rabinta fanko ne, rabinta zare. Bari mu kira ta ɗinkakkiyar tsaga. Zaro waɗannan zaruruwa daga jikin filastik aiki ne mai cin ƙarfi, kuma nan ne bugu yake ƙarewa.

A zallan folistirin 'yan kaɗan ne ke buɗewa, a inda aka ƙarje ko inda datti ya maƙale. Nauyin duka ya taru a kan guda ɗaya, zaruruwanta su tsinke, ta zama tsaga ta gaske ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A HIPS kowace ƙwayar danƙo wuri ne mai laushi, ja kuma yana taruwa a ƙugunta ya kai kusan ninki biyu na sauran wurare. Don haka miliyoyin ɗinkakkun tsagogi ke buɗewa lokaci guda, ko'ina, kowace gajera, ta taso daga wannan ƙwaya ta tsaya a waccan. Bugun da zai kashe wuri ɗaya an raba shi ga miliyoyi. Wanda ya taɓa lanƙwasa murfin babur ko bayan tsohon talabijin ya ga wurin ya yi fari fat, su ya gani, haske ne ke warwatsewa a cikinsu.

Daga baya aka gano akwai matakin da ke gaban wannan. Danƙo yana da sauƙin lanƙwasawa, amma yana ƙin a faɗaɗa girmansa. In aka ja shi ta kowace fuska lokaci ɗaya, kamar yadda ke faruwa a bakin tsaga, taurinsa ba ya nesa da na filastik. Muddin ƙwayar tana cike, taimakonta kaɗan ne. Sai ta yage daga ciki ta buɗe ɗan kogo, sannan filastik ɗin da ke kewaye ya sami sararin motsi. Bucknall da Andrea Lazzeri sun fitar da lissafin wannan a 1993. Akwai ma wani abin sha'awa. Lokacin da kaya ke hucewa bayan zubi, danƙo ya fi filastik tsukewa, ga shi kuma a ɗinke yake da bangonsa, don haka tun daga masana'anta kowace ƙwaya a jaye take daga ciki, kaɗan take jira ta buɗe.

Tsakanin kaɗan da yawa

A nan gizo ke saƙar. Ana son ƙwayar ta yi abu biyu da ke karo da juna: ta yage da wuri, amma kada ta rabu.

In ƙulli ya yi kaɗan, ɓarna tun a injin take farawa. Ana tura narkakken filastik ta 'yar ƙaramar kafa da matsi mai tsanani. Ƙwayoyin da ba a ƙulle ba sai su miƙe, wasu su tsinke, wasu su haɗe da maƙwabta. Girman da aka sha wahala aka daidaita ya lalace, kayan da aka fitar yau su bambanta da na gobe ko da daga buhu ɗaya aka ɗebo. In kuma bugu ya zo, kogon yana buɗewa, zaruruwan danƙon su sulale, kogon ya yi ta faɗi babu mai tare shi, har shi kansa ya zama mafarin tsagar da za ta raba abin.

In ƙullin ya yi daidai, kogon yana buɗewa, amma danƙon ya miƙe zare-zare tsakanin guntayen folistirin da ya haɗiye da bangon ƙwayar. Ƙullallen danƙo kuwa yana ƙara tauri yayin da ya kusa iyakar talewarsa, kowa ya san haka daga jan tsohon tuyub. Sai ya ɗauki kaso na nauyin, ya rage wa zaruruwan tsagar da ke kusa da shi. Wannan tsaga ta tsaya, wata ta buɗe a wani wuri, filastik ɗin ya yi ta miƙewa yana fari maimakon ya fashe.

In ƙulli ya yi yawa, ƙwayar ta ƙi yagewa. Sai an ƙara ja sosai kafin wani abu ya fara motsi, kafin nan kuwa tsaga guda ta riga ta wuce. Ƙari ga haka, yawan ƙulli yana sa danƙon ya riƙa sandarewa tun sanyi bai yi nisa ba, bugu mai sauri kuma ga danƙo tamkar sanyi ne, domin ba ya ba zaruruwa lokacin motsi. Masu bincike sun tabbatar da wannan ta hanya mai tsabta. Sun ɗauki HIPS ko ɗan'uwansa ABS, wani filastik mai ƙwayoyin danƙo, suka haska shi da hasken gama, wanda ke ƙulle danƙon ba tare da ya taɓa filastik ɗin sosai ba, girman ƙwayoyi da yawansu kuma bai canza ba. Ƙulli na ƙaruwa, jan da ake buƙata kafin abin ya sallama yana hawa, juriyar bugu tana sauka.

Ina son mai karatu ya tsaya a kan wannan. Filastik ɗin da danƙonsa ya lalace yana iya fin lafiyayye ƙarfi a na'urar ja. A hannu ma ya fi tauri, in an ƙwanƙwasa ya fi ƙara. Mai saye da ke gwada kaya da matsi na hannu yana iya zaɓen wanda ya fi saurin fashewa, yana zaton ya zaɓi mai nagarta. Takardar kaya da ta kawo lambar ƙarfi ta ɓoye lambar bugu ba ta faɗi abin da ya fi muhimmanci ba.

Ba kowane filastik ke son gwargwado ɗaya ba. Nailan da folifurofilin ba su dogara ga ɗinkakkiyar tsaga ba, zaruruwansu suna iya zamewa a kan juna jikin ya miƙe, muddin kogunan danƙo sun ba su sarari. Su ƙananan ƙwayoyi suke so, ƙasa da maikuron 1. Souheng Wu na kamfanin DuPont ya nuna a 1985 cewa tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ce ke yanke hukunci: in ta gaza kimanin maikuron 0.3, nailan yakan juya kwatsam daga gautsi zuwa juriya, juriyar ta ninka fiye da sau 10. Danƙon da ake sa masa kusan ba shi da ƙulli, mannewarsa da nailan ce ake kula da ita. Masu bincike a jami'ar Twente ta Holan sun nuna cewa danƙon da ya fi laushi, ya fi saurin buɗe kogo, shi ya fi aiki cikin sanyi. Bambar mota ta zamani folifurofilin ce da irin wannan danƙo, kuma in an sa ƙulli a nan, ɗan kaɗan ne don a hana ƙwayoyi haɗewa a injin.

Inda ake son ƙulli ya cika

Akwai wani haɗi da ya juya lissafin. Aubert Coran da Raman Patel, a kamfanin Monsanto, sun ɗauki wani danƙo mai suna EPDM mai yawa, kamar kashi 60, da folifurofilin kashi 40, suka narka su tare, suna cikin kwaɓawa suka zuba sinadarin ƙulli. Danƙon yana ƙulluwa yana ƙara kauri, injin kuma yana yayyaga shi, har ya koma 'yan ƙwayoyi na maikuron 1 zuwa 2 a cikin siririn filastik, duk da cewa shi ne mai rinjaye. Sun sami takardar mallaka a 1978, kayan ya shiga kasuwa a 1981 da sunan Santoprene. A hannu danƙo ne, yana talewa ya dawo. A injin kuwa filastik ne, yana narkewa a zuba shi, ragowarsa a niƙa a sake narkawa, abin da danƙon Goodyear ba ya yi.

A gwaje-gwajen Coran da Patel, ƙarin ƙulli ya ninka ƙarfin haɗin sau da dama, ya kuma sa yana komawa siffarsa bayan an ja shi. Da suka kwatanta ƙwayoyi masu maikuron 70 da masu 1 zuwa 2, ƙarfin ya kusa ninkawa sau uku. Wannan bai saɓa wa abin da muka gani a HIPS ba. A can filastik ne ke ɗaukar nauyi, danƙo yana buɗe masa hanya. A nan danƙon ne da kansa ke ɗaukar nauyi, don haka sulalewar zaruruwansa ita ce babbar asara. Da irin wannan haɗi ake yin danƙon bakin gilashin mota da mariƙin buroshin haƙori da na kayan aiki.

Wannan ne kuma ya sa garin tsohuwar taya ba ya yi wa filastik abin da mutane ke fata. Tunanin yana da kyau, ga taya jibge, wadda ba a yanka takalmi ko guga da ita ba sai a ƙone ta wurin babbaka. Amma niƙa ba ta cika kai ta ƙasa da ɗaruruwan maikuron ba, ƙullinta ya riga ya cika, kuma babu zaren da ya ɗinke ta da filastik. Kowace ƙwaya sai ta zama rauni. Garin taya ya fi amfani a kwalta da shimfiɗar filin wasa.

Bayan kaya sun bar masana'anta

A kowace gaɓa ta folibutadayin akwai wani gurbi da sinadari ke iya kamawa. Ta nan ake ɗinka masa folistirin, ta nan ake ƙulle shi, ta nan kuma iskar oksijin ke shiga in hasken rana ya buɗe mata. Ƙullin da aka tsayar daidai a masana'anta sai ya ci gaba da ƙaruwa a hankali, daga fatar waje zuwa ciki. Launi ya koma ruwan ɗorawa, danƙon saman ya sandare. Siririyar fata ce kawai ta lalace, amma ta isa, domin tsagar da ta taso daga gare ta tana shiga lafiyayyen cikin da gudun da ƙwayoyin ba za su iya tarewa ba. ABS, wanda kamfanin Lego ya koma yin tubalinsa da shi a 1963, yana iya shekaru masu yawa a ɗaki lafiya lau, amma a filin rana bai da wannan tsawon rai. Don haka ne aka ƙirƙiro ASA, ɗan'uwansa mai danƙon da ba shi da wannan gurbi, wanda ake yin murfin madubin gefen mota da shi. Baƙaƙen kaya kuma sun fi daɗewa, domin baƙin garin da ke cikinsu yana tare hasken. Kujerar folifurofilin da ke farfashewa a tsakar gida ciwonta daban ne, ita zaruruwan filastik ɗin ne rana ke tsittsinkawa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ranar Kano ko Damagaram ba irin ta Turai ba ce, tsofaffin kayan da ake shigo mana da su kuma sun riga sun ci rabin ransu. 'Yan jari-bola suna tara murafun babura da bangon firiji da akwatunan talabijin, a niƙa, a wanke, a narka, a sayar wa masu zubi. Sana'a ce mai amfani, tana ciyar da gidaje tana rage shara. Amma kowace narkawa dahuwa ce, kowace dahuwa tana ƙara lalata danƙon, kuma ba a warware ƙullin da ya riga ya ƙullu. Abin da mai injin zai iya yi shi ne ya ware wanda rana ta ƙona, kada ya ɗaga zafi fiye da buƙata, kada ya bar narkakken filastik ya daɗe a cikin injin, ya kuma riƙa gauraya tsoho da sabo. Ya raba iri da iri: folifurofilin yana tasowa a ruwa, HIPS da ABS suna nitsewa, su biyun kuma ba sa jituwa, kaɗan daga wannan yana rage juriyar wancan. Akwatunan tsofaffin talabijin sau da yawa suna ɗauke da sinadaran hana kama wuta, bai kamata su koma kwanon abinci ko abin wasan yara ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne hular kwano. Da yawa daga cikin masu araha da ABS ake yin ɓawonsu, aikin ɓawon kuma shi ne ya baza bugu ba tare da ya fashe ba. Hular da ke wuni rataye a kan babur cikin rana tana iya zama da taurinta a hannu alhali juriyarta ta tafi. Ɗan acaɓa da duk mai hawa babur ya riƙa ajiye ta a inuwa. In launinta ya koɗe, ko samanta ya fara gari-gari, ko an ga 'yan tsage-tsage ko farin tabo a inda ta taɓa buguwa, a canza ta, ko da ba ta fashe ba.